Tawadar Erasmo

A garinmu Santeramo kowane gida yana da ɗakin da ba a shiga, wato falon baƙi. Mutanen gida sai su cunkushe a kicin, a nan za su ci, a nan za su yi faɗa, a nan za su kalli talabijin, amma ɗakin da ya fi kowanne girma da haske yana nan a kulle, labule a sake, kujeru lulluɓe da leda kamar jiya aka sauke su daga mota. Fada limamin coci yana shiga, likita yana shiga, masu neman aure suna shiga, sai kuma gawa idan an yi rashi. Kada ka tambaye ni hikimar abin, haka muka taso muka tarar.

Falon Palma ya fi na kowa a layinsu saboda doguwar kujerar da ke ciki. Ta fata ce, ruwan madara, mai laushin da kan sa baƙo ya ji kunyar zama. Mijinta Erasmo ne ya zaɓi fatun da hannunsa ya yanka a shekarar da zai bar aiki, ita kuma ta ɗinka, don a kamfanin kujeru ɗaya suka tsufa, shi a teburin yanka, ita a kan keken ɗinki. Rabin garin nan fatar saniya ce ta ciyar da su, ta aurar musu da 'ya'ya.

Ranar da abin ya faru, bikin Waliyyi Erasmo ya matso. A ranar duk mai wannan suna yakan buɗe falonsa, dangi da abokai su zo su yi masa barka, a sha kofi da giyar lemo. Saboda haka Palma ta yaye ledar tun da safe don kujera ta sha iska. Ta zaunar da mijinta a kicin gaban talabijin, ta ce masa yanzu za ta dawo, ta ruga wajen mahauci kafin naman doki mai kyau ya ƙare. Ta kulle ƙofar gida, ta kashe gas, ta ɓoye wuƙaƙe. Ƙofar falo ce kaɗai ta manta.

Da ta dawo babu shi a kicin. Ta same shi tsaye a kan kujerar, ya sunkuya, tabarau a ƙarshen hanci, tafin hannunsa na hagu yana shafa fatar a hankali. A hannun dama kuwa shuɗin biron da take rubutu a kalanda ne. Daga wannan hannun kujera zuwa wancan duk da'irori ne, manya da ƙanana, wasu da kibiya a gefe, wasu an ja musu layi biyu.

Ledar naman ta suɓuce daga hannunta.

"Erasmo! Wayyo Maryamu, me ka yi?"

"Wa ya karɓi fatar nan?" ya tambaya, ko juyowa bai yi ba. "Dubi nan, cizon kaska. Nan waya ce ta karce ta. Wannan kuma tsohon miki ne. Ku matan ɗinki ba abin da kuka iya sai surutu. Je ki kira min shugaban sashe."

Aikinsa yake yi. Kafin wuƙa ta taɓa fata, mayanki yakan shimfiɗa ta, ya bi ta da tafin hannu, duk inda ya ji aibu ya zagaye shi, don kada wurin ya fito a fuskar kujera. A kamfani da wani alƙalami mai ruwan azurfa suke yi, wanda jiƙaƙƙen tsumma ke gogewa. Biro kuwa ba ruwansa da tsumma.

Ta kai hannu za ta karɓe biron. Ya cafke damtsenta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan fatar saniya, ko ya manta sunan matarsa hannunsa bai manta ƙarfinsa ba. Ta cije leɓe ta tsaya cak, don ta riga ta koyi cewa idan ta ja sai ya ƙara matsewa. Can ya sake ta don kansa, ya dube ta da mamaki, ya ce yunwa yake ji. Ta kai shi kicin ta yanka masa burodi da cuku, sannan ta ja hannun rigarta ta duba. Sabon shatin yatsu ya hau kan tsofaffin da ba su gama bajewa ba. Tun farkon bazara ba ta ƙara sa riga mai gajeren hannu ba.

Ba kujerar ce ta tsorata ta ba. Loredana ce, 'yarsu tilo, wadda ke aure a Torino, kuma jibi za ta iso don bikin. Da Kirsimeti ta zauna a kicin ɗin nan ta kalli ubanta yana zuba sukari a cikin miya, ta ce, "Mama, na yi magana da gidan tsofaffin da sistocin coci ke riƙewa a hanyar Bari. Ban ce yanzu ba. Amma ranar da na ga abin ya fi ƙarfinki, ba zan tsaya neman izininki ba." Loredana ba ta magana biyu, halin ubanta ta ɗauko. Tun daga lokacin, duk Lahadi idan ta bugo waya, amsar Palma ɗaya ce: lafiyarsa lau, jiya ma shi ya gyara famfo.

A wani gari sai a ce jika ne ya yi wasa da biro. A nan kuwa ko mai sayar da kifi ya ga waɗannan da'irori ya san hannun mayanki ne, ya kuma san mayankin da ya zagaye aibu a kujerar falonsa ya yi nisa. Loredana a ƙarƙashin teburin yanka ta yi rarrafe, kallo ɗaya ya ishe ta.

Palma ta san fata, ba baƙuwarta ba ce. Ta san ba a dirzawa, dangwalawa ake yi. Ta san daga gefe ake farawa a nufi tsakiya don kada tabo ya bazu. Ta ɗumama madara ta jiƙa auduga, ta durƙusa. Audugar ta ɗan yi shuɗi, ranta ya yi sanyi, ta canza wata, ta sake canza wata. Da wurin ya bushe sai ga da'irar tana nan daram, ta ɗan dusashe kawai. Ta kawo farin sabulu ta yi kumfa, ta gwada. Ta gwada abin goge fensir. Gwiwoyinta suka yi tsami, ga Erasmo yana kiranta daga kicin da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara.

A haka Titina ta same ta. Titina maƙwabciyarta ce, ƙofa da ƙofa, tana da mabuɗin gidan, kuma ba ta taɓa ganin dalilin ƙwanƙwasawa ba.

"Palma, kin bar nama a ƙasa, kyanwa ta kusa..." Sai ta yi turus, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku. Shi ne?"

"A'a, Fafaroma ne ya biyo ta nan. Rufe ƙofar, don Allah."

Titina ta matso ta leƙa. "Kai, amma fa har yanzu hannun nan bai mutu ba. Dubi yadda ya zagaye kamar da kwano aka auna."

"Yabonsa kika zo yi ko taimakona?"

"Kira Oronzo mana. Aikinsa ke nan, ya wanke ya fesa sabon launi, kafin gobe kin manta."

"Oronzo? In kira Oronzo, matarsa ta ji, kafin a kaɗa ƙararrawar yamma an sani har garin Altamura? Loredana tun a tasha za a tare ta da labari."

"To ai gaskiya ce za a gaya mata."

Palma ta ɗago ta dube ta. Titina ta kawar da kai, ta ce ita ba ta ce komai ba, ta rantse da kabarin uwarta ba mai ji daga bakinta. Daga nan ta shiga zuba magunguna. Surukar ƙanwarta da feshin gashi ta cire. Wata a coci ta ce lemon tsami da gishiri. Wata kuma man goge baki. Suka gwada feshin gashi a bayan kujera inda ba a gani, ya ɗan ci tawadar da suka ɗiga, amma ya bar wurin yana danƙo. Titina ta tafi ɗora tukunya, ta bar ta da warin turare da ciwon kai.

Washegari Palma ta tashi da abin a ranta, ta wuni a kansa. Ƙananan da'irorin sun ja baya, manyan kuwa, inda ya danna biron da ƙarfi, tawada ta riga ta shige cikin fatar. La'asar ta yi, jirgin Loredana da safe zai iso. Sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Babu gidan da ba shi da wannan kwalba a ƙasar nan: sifirit mai ruwan hoda. Da shi iyayenmu mata suke goge gilashi da tayil da ƙofar firij, da shi suke wanke mana ƙujewar gwiwa muna ihu. A wurinsu abin da sifirit bai cire ba, to Allah ne ya ajiye shi. Palma ta yi shekaru tana jin ana gargaɗin sababbin ma'aikata kada su kuskura su kusantar da shi ga fata. Ta sani sarai. Amma ta gaji, tsoro kuma ya cika mata ciki, sai hannun uwarta ya rinjayi abin da ta koya a kamfani. Ta ce ɗan kaɗan za ta sa.

Da'irar farko ta narke nan take, kamar ba a taɓa yin ta ba. Palma ta yi dariya ita kaɗai, har da hawaye. Ta tuttula a tsumma ta bi ta biyu, ta uku, ta manta da dangwalawa ta shiga dirza da dukan ƙarfinta. Ba ta tsaya ba sai da ta ga tsumman ya koma ruwan madara. Launin kujerar ne yake fita. Duk inda ta bi, fatar ta zama toka-toka, ta yi ƙirci, gefen kuma ga shuɗi da ruwan hoda sun cakuɗe sun bazu kamar faɗin faranti. Rabin kujera da'irorin Erasmo, rabi ɓarnar Palma.

Ta zauna a ƙasa, tsumman a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Haushin kanta take ji, da haushinsa, da haushin 'yar da ta haifa wadda ta sa take ɓoye-ɓoye a cikin gidanta kamar ɓarauniya. Da ta huta sai ta buɗe akwatin kayan aurenta ta ciro babban bargon da uwarta ta saƙa, ta shimfiɗa a kan kujerar, ta cusa gefunansa ta ko'ina. Sannan ta bi gidan ɗaki-ɗaki ta tattara duk wani biro da fensir ta kai wa Titina ajiya.

Loredana ta iso da jaka ɗaya da idanu masu bincike. Ta rungume uwarta, ta ce ta rame. Ta buɗe firij, ta duba kwalaben magani, ta shinshina ɗakin kwana. Allah kuma ya taimaki Palma, Erasmo ya tashi da sauƙi ranar. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Lori, kin yi aski," ya tambaye ta mijinta, ko da yake sunan bai zo masa ba. Da rana ya cinye taliyarsa da kansa, bai zubar ba.

"Kin gani?" in ji Palma. "Ke ce dai kike ɗaga hankalinki a banza."

"Na gani. Mama, ba kya jin zafi ne? Doguwar riga a wannan rana?"

"Tsufa ne. Idan kin kai nan za ki ba da labari."

"Bargon Kaka kuma fa a falo? Me ya kai shi kan kujera?"

"Abokan babanki za su zo gobe. Kin san su, giya ɗaya sai hannu ya fara rawa. Ba mai ɓata min kujera."

Loredana ta yi dariya ta ce uwarta ba za ta taɓa canzawa ba. Sai ta buɗe jaka ta fito da tsarabar ubanta: littafin wasan cike gurbin kalmomi, wai likitan Torino ya ce yana motsa ƙwaƙwalwa, da sabon biro a maƙale. Palma ta kafe biron da ido. Erasmo bai ko kalli littafin ba. Ya zare biron, ya danna shi ya ji ƙararsa, ya soke a aljihun gaban rigarsa inda alƙalamin aikinsa yake zama, ya dafa wurin. Palma ta yi niyyar zarewa idan ya yi barci, amma da rigar ya kwanta, hannunsa a kan aljihun, ita kuma ta san abin da taɓa hannun nan yake jawowa.

Ranar biki gari ya cika da ganguna da ƙarar wasan wuta. Bayan an fito da gunkin waliyyi an zaga da shi, baƙi suka fara shigowa. Tsofaffin mayanka suka jeru a kan bargon, kowa da hularsa a gwiwa. Erasmo yana tsakiya cikin farar riga, ana sumbatar kumatunsa, yana murmushi yana cewa na gode ga kowa, har da waɗanda bai sani ba. Palma tana kai da kawo da tire, ido ɗaya a kan bargo, ɗaya a kan aljihun.

Oronzo mai gyaran kujeru ne ya zauna a ƙarshe. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, bargon ya zame daga hannun kujerar. Palma tana tsaye a gabansa. Ta ga idonsa ya sauka a kan da'ira guda da kibiyarta, da ƙirci mai ruwan hoda a gefe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja bargon ya mayar, ya ɗora gwiwar hannunsa a wurin, bai ƙara ɗagawa ba har ya tashi tafiya.

"Kofin nan ya yi daɗi, Palma," abin da ya ce ke nan. A bakin ƙofa ya riƙe hannunta ya ɗan jima, ya fita.

Da baƙo na ƙarshe ya tafi, Palma ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta kulle falo ta jefa mabuɗin a aljihu. Loredana jibi za ta koma. A kicin kwanuka sun taru, rana tana shigowa ta taga, Loredana tana goge kofuna tana ba da labarin maƙwabtanta na Torino da ba sa gaisuwa. Palma tana dariya. Daɗi ya ɗebe ta, ta yi abin da hannu ya saba yi gaban wanke-wanke, ta naɗe hannayen rigarta har sama da gwiwar hannu.

Erasmo yana zaune a bakin tebur. Ya miƙe ya zo ya tsaya a gefenta, ya gyara tabarau. Ya ɗauki hannunta daga cikin kumfa, a hankali ƙwarai, ya juya shi wajen haske. Ya bi damtsen da tafinsa tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Rabon da ya taɓa ta haka har ta manta, shi ya sa ba ta janye ba. Sai ta ji ƙarar danna biro.

Ya zagaye na farko, baƙin da ya yi ranar da ya zana kujera. Ya zagaye na kusa da shi, wanda ya fara komawa kore. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yatsu huɗu a waje, babban yatsa a ciki, bai tsallake ko wanda ya kusa bajewa ba. Ya kama ɗaya hannun ya yi masa haka.

"Fata mai kyau," ya ce, cike da takaici. "Dubi laushi. Wane marar imani ne ya riƙe ta haka? Wannan ba waya ba ce, ba kaska ba ce, hannun mutum ne. A nemo shi. Irin waɗannan bai kamata a bar su kusa da dabba ba."

Loredana ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Mama."

"Ƙofar kabad ce. Kin san yadda take..."

"Ƙofar kabad mai yatsu biyar."

Palma ta shiga jan hannun riga, rigar ta maƙale a jiƙaƙƙen hannu. Loredana ta matso ta zura hannu a aljihun uwarta ta ciro mabuɗin falo, ta fita. Palma tana ji aka buɗe ƙofar, tana ji aka yaye bargon. Da Loredana ta dawo, fuskarta duk hawaye, amma muryarta ba ta rawa.

"Tun yaushe?"

"Bai san yana yi ba, Lori. Wallahi bai sani ba. Mutumin nan tun ina budurwa ko tsawa bai taɓa yi min ba."

"Na sani, Mama. Shi ya sa."

"Da almuru ne kawai, idan ya ce zai tafi aiki na tare ƙofa. Laifina ne, ni ce nake tarewa. Zan daina. Zan bar shi ya fita in bi shi a baya."

"Ranar da ya ture ki a matakala fa? Wa zai buga min waya? Shi?"

"Gidana ne! Mijina ne! Ke kin tafi kin bar mu, sai ki zo da jaka ɗaya ki raba ni da shi? A can wa ya san ba ya cin miya sai ta huce? Wa ya san sai an bar masa fitila?"

"Zan gaya musu."

"Za ki gaya musu," in ji Palma.

Erasmo ya koma kujerarsa, ya mayar da biron aljihu. Ya dube su su biyu ya ce don Allah a rage hayaniya, mutane suna aiki.

Loredana ba ta koma jibin ba. Ta zauna sai da aka gama komai na kai shi gidan tsofaffin. Palma da kanta ta haɗa masa akwati, ta ɗinka sunansa a wuyan kowace riga da ɗinkin da ba ya warwarewa. Ranar tafiya ya shiga mota ba gardama, don an ce masa kamfani za a. Palma ba ta bi su ba. Ta tsaya a taga, matan layi kuma kowacce ta sami abin sharewa a ƙofar gidanta. Tawadar da ke hannunta ba ta dirje ta ba, ba ta kuma hana ta fita ba. Wanka kaɗan ta bi ruwa, tabban ma suka baje.

Sistocin sun ce a ba shi lokaci ya saba kafin a zo dubiya. Da lokacin ya yi, Palma ta hau bas ita kaɗai, da miya a kwano naɗe cikin tawul. Ta same shi a wani dogon ɗaki mai warin maganin mofin, an yi masa askin da bai dace da shi ba. Aljihun rigarsa ba komai, an ce ya zana wa wata tsohuwa zanen gado, sai aka karɓe. Yana zaune a kujerar roba mai kama da fata, yana ta shafa hannun kujerar.

"Erasmo, ni ce. Palma."

"Wannan ba fata ba ce," ya ce mata, kamar mai kai ƙara. "Ba ta da komai. Na duba, na duba, ba ta da komai."

Ta ba shi miya ya sha cokali kaɗan. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗora damtsenta a gwiwarsa. Ya dube shi, ya kawar da kai.

A bas ɗin dawowa ta yi ta tunanin kujerar. Rabin da ba ta taɓa da sifirit ba yana nan yadda ya bar shi, kowace da'ira da kibiyarta, aikinsa na ƙarshe. Ta ƙudura a ranta ba leda ba bargo daga yau. Za ta bar ƙofar falo a buɗe, ta riƙa shan kofinta a nan, duk wanda ya ga dama ya gani ya kai labari har Altamura.

Tun daga matakala ta ji warin fenti. Ƙofar falo a buɗe take, tagogi a wangale, an shimfiɗa jaridu a ƙasa. Oronzo yana naɗe wayar injin feshinsa, Titina tana tsaye da mabuɗi a hannu tana murmushi.

"Loredana ce ta bugo masa daga Torino," in ji Titina. "Ta ce a yi ranar da ba kya nan, don ki dawo ki ga abin farin ciki. Yarinyar nan tana sonki, Palma."

Kujerar tana tsakiyar ɗaki, ruwan madara daga wannan hannu zuwa wancan, sumul, ba ɗigo ko ɗaya.

"Sai da na wanke ta tas, na goge, na yi mata shafi uku," in ji Oronzo, yana goge hannu da tsumma. "Kada a zauna sai gobe. Amma kin ga, ko shi Erasmo ba zai gane inda ya taɓa ba."

Palma ta ce ta gode. Ta ce aiki ya yi kyau. Ta tambaye shi ko zai sha kofi, ya ce sauri yake. Titina ta so ta tsaya, ta dubi fuskar Palma, sai ta tuna ta bar wake a wuta.

Da suka fita, Palma ta ajiye kwanon miyar a kan jarida. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta ɗora tafin hannunta na hagu a kan fatar, ta fara binta a hankali yadda ta ga Erasmo yana yi. Ya ce akwai cizon kaska a nan wajen, da inda waya ta karce, da tsohon miki. Ta bi daga wannan hannu zuwa wancan, ta dawo, ta rufe ido ta sake bi. Amma hannunta na ɗinki ne, bai ji komai ba sai santsi.